Farfesa Ba Ya Barin Tanki Da Sarari

Duk wanda ya ce an daina haihuwar masana bai biyo ta layin gareji ba. A can, tsakanin mai faci da mai walda, Allah ya ajiye mana Farfesa. Ba jami'a ce ta ba shi sunan ba. Shi ya duba cancantarsa, ya ga ta kai, ya sa aka rubuta a allo. Sauran makanikai hannunsu baƙi ƙirin, shi kuwa farar riga yake sawa irin ta asibiti. Yana da wata na'ura da yake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, kuma in ya jona ta sai kowa ya yi tsit, har mai walda, don manya na ganawa.

"Ni ba gyaran mota nake ba," in ji shi. "Tattaunawa nake da ita."

Wata safiya Baba Direba ya kawo motar uwar ɗakinsa, Hajiya. Dattijo ne, a bayan sitiyarin gidan nan ya yi furfura, da aikin kuma yake riƙe iyalinsa. Wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a allon gaban sitiyari ta ƙi mutuwa, ga warin fetur, in an sha mai kuma sai motar ta yi ta tari kafin ta tashi. Hajiya ta riga ta gama nata binciken: inda duk aka ji warin fetur, direba ne ke zuƙa. In fitilar ba ta mutu ba, Baba ya ajiye makulli.

Farfesa ya jona na'ura, ya daɗe yana gyaɗa mata kai.

"Baba, maganar ta fi ƙarfinka, amma zan sauko. Fetur yana numfashi a cikin tanki. Tururin nan ba a barinsa ya fita, akwai wani gwangwani cike da gawayi da ke kama shi. In inji ya ɗauki zafi, sai wani ɗan bawul ya buɗe, inji ya shanye tururin. To, a nan aka samu rashin jituwa."

Kuma wallahi gaskiya ya faɗa. Aku ma in ya haddace, daidai yake biyawa.

Aka canza bawul. Fitila ta yi kwana kaɗan ta dawo. Aka canza murfin tanki, ta dawo. Farfesa ya hura hayaƙi cikin tiyo don ya ga ta inda ke yoyo, hayaƙin bai sami ƙofa ba, sai da Farfesa ya cire tiyon ya leƙa, sannan hayaƙin ya sami idonsa. Daga ƙarshe aka kwance gwangwanin gawayin, ya fito sharkaf, fetur na ɗiga. Farfesa ya sa a riƙe masa shi nesa da riga, ya ce jabu ne. Aka sa sabo.

Sai dai Farfesa yana da wani karamci da ya bambanta shi da ƙananan makanikai. Ba ya sallamar mota sai ya raka ta gidan mai. Idan famfo ya yi ƙat ya tsaya da kansa, a nan yake naɗe hannun riga.

"Ƙarfe ne zai gaya mini tanki ya cika? Ƙara!"

Sai ya dafa bayan motar ya yi ta jijjiga ta, ana ɗurawa, har fetur ya leƙo a wuyan tanki. Ya kuma ɗora wa Baba wannan a matsayin magani. "Tanki mai sarari shi ke tara tururi. In ka cika shi maƙil, tururin a ina zai zauna? Lissafi ne, Baba."

Masu ƙera motar, da yake ba su sami gatan zama a gaban Farfesa ba, don tururi kaɗai suka yi gwangwanin. Duk man da aka ɗura bayan famfo ya tsaya, ta tiyo yake gangarawa ya jiƙa gawayin, daga nan ya wuce ya cuci bawul.

Baba mai biyayya ne. Da ciwon bayansa da komai, haka yake jijjiga motar nan a kowane gidan mai, yana addu'a a zuci. Abin tausayi, fitilar ba ta ko ƙifta ba. Hajiya ta karɓi makullinta. Baba ya tako da ƙafa ya zo ya gaya wa Farfesa. Farfesa ya yi masa ta'aziyya da cewa ilimi ba ya kuskure, sai dai hannun da ya riƙe shi.

Aka ba ɗan ƙanwar Hajiya tuƙin. Malalaci ne na gaske, ko fitowa daga mota ba ya yi a gidan mai, famfo na tsayawa yake tada mota. Gawayi ya bushe, wari ya tafi, fitila ta mutu don kanta. Hajiya ta ce ai dama ta faɗa, ɓarawon ya bar gidan. Farfesa shi ma ya ce dama ya faɗa, maganinsa a hankali yake kama jiki. Ya kira mai fenti ya ƙara layi a allo.

Don jin daɗi, Hajiya da kanta ta zo godiya. Farfesa ya ce ba za a yi haka ba sai ya raka su gidan mai. Famfo ya yi ƙat. Ya naɗe hannun riga, ya jijjiga motar da Hajiya a ciki, har ɗankwalinta ya zame. Yaron ya murɗa makulli, mota ta yi tari ta yi shiru. Ya sake, ta sake. Motocin baya suka ɗauki ham. Warin fetur ya cika kujerar baya, Baba kuwa yana can gidansa zaune a kan tabarma.

Hajiya ta sauke gilashi a hankali. Farfesa ya sunkuyo, ya rage murya.

"Hajiya, wannan direban ma ki sa masa ido."