Kifin da Ake Rufin Ɗaki da Shi

Shekara goma ina koyar da Turanci a Samaru, don haka da aka gayyace ni wasan haɗa kalmomi a Sabon Gari, tausayin 'yan wasan na ji. Na haddace gajerun kalmomi masu harafin Z, ban duba ma'anar ko ɗaya ba. Ashe a teburinsu, wanda ya ajiye kalma sai ya fassara ta.

Na ajiye zax.

"Malam, mene ne wannan?" in ji Baba Okon, wani tsohon kafinta da ke teburin.

Na gyara hula. "Wani kifin Turai ne."

Ya jinjina kai. "Ikon Allah. Mu gatarin masu rufin ɗaki muka sani."

Har yau in na gifta sai ya ce, "Malam, soyayye ko na miya?"