Yadda Za Ka Gyara Sautin Laptop Ba Tare da Ka Tambayi Kowa Ba

Idan kwamfuta ta rubuta maka cewa sautinta lafiya lau, kai kuma ba ka jin komai, wa ya yi ƙarya? Kwana uku ina juya wannan, ban samu amsa ba. Amma na samo hanya, kuma na ba ka tabbaci: ka bi ta, sauti zai fito. Inda zai fito ne ban yi alkawari ba.

1. Fara da cika baki.
Aika wa Inna a Iware cewa ka samo muryar marigayi Baba, addu'ar da ya yi ranar sunan jikansa. Za ta bar masara a gona, ta hau mota ta zo Jalingo, ta ce jibi za ta koma. Danna. Shiru. Ka ce mata inji yana ɗumama.

2. Kori mai taimako.
Barnabas, mai shagon aski a jikin katangarka, zai leƙo: "Injiniya, wannan sifika nawa da ka ara ranar biki, akwai magana..." Katse shi. Ka ce kan mutum ya koya, ba kan inji ba. Wanda unguwa ke kira Injiniya ba ya ɗaukar darasi a hannun mai kilifa.

3. Sauke direba.
Wato ɗan shirin da ke koya wa kwamfuta magana. Goge shi, sake sauke shi. Kowane karo ka ƙure ƙara, ka danna muryar Baba. Sau goma sha ɗaya ya wadatar.

4. Kira kamfani.
Za su sa maka kiɗa na minti arba'in. Saurara da kyau, shi ne kaɗai sautin da za su ba ka. Wata mai ladabi za ta nemi lambar da ke ƙasan laptop, wadda ta goge tun a hannun Baturen da ya fara mallakarta. Sai ta ce, "Ka kashe ka kunna?" Da yamma saƙo zai zo cewa an warware ƙorafinka. Har yau ban san hukuncin mutumin da bai taimake ka ba amma ya gode maka sau shida ba.

5. Kalli Inna tana ɗaure kaya.
"Bar shi, ɗana," za ta ce. "Da ma yadda yake jan amin ɗinsa ne na fara mantawa."

6. Yi sallama a shagon Barnabas.
"Injiniya! Kwana uku wani tsoho yana addu'a da Fillanci a sifika nawa. Bulutut na laptop naka yana haɗe da shi tun ranar biki, bai sake shi ba. Kwastoma suna cewa amin, ɗayansu kuwa, Tobias, ya gudu da rabin aski!"
Kada ka yi bayani. Je ka kawo Inna. Barnabas zai kashe kilifa, ya karkaɗe gashi daga kujera, ya ce, "Mama, zauna." Danna.

Gargaɗi: marubuci ba shi da alhakin datar da ta ƙone, ko sunan Injiniya idan ya zube. Idan kuma tsohuwa ta rufe fuska da mayafi a shagon aski, ta ce a sake sa mata, wannan tsakaninka da ita ne. Ka sake sa mata.