Faranti a Ƙafar Mota

"Lahiya lau, angona. Ina gajiya? Ina fama da wagga mota taka da ba ta jin magana?"

Hajiya Hindu ce da wannan gaisuwa, ta sauko daga mashin ɗin kabu-kabu a bakin garejin Jibo makanike da ke Talata Mafara, da ƙullin kayan barka a hannu. Wanda ake gaisarwa kuwa jikanta ne Khalid, yana cikin motarsa yana taka birki yana saki, gumi na bin wuyansa. Ƙanwarsa ce ta haihu can Faru, yau suna, kuma sunan tsohuwar aka raɗa wa jaririya. Shi ya yi alkawarin kai ta kafin mata su watse. Sai ga shi da safe ya taka birki a ƙofar gida, ƙafarsa ta lume har ƙasa, motar ta yi gaba abinta sai da ta gaisa da katangar maƙwabci.

"Amarya, wa ya ce ki biyo ni? Ba na ce ki jira a gida ba?"

"In jira? Kakanka ma da ya hi ka kyau ban jira shi ba. Mi ya sami akwalar?"

"Tsufa, irin naki. Jibo ya duba man birki, cike yake, ba inda yake yoyo. Yanzu iskar da ta shiga ciki muke fitarwa."

"Ai daga kan mai ita ta ɗauko."

Jibo ya danne dariyarsa ya kwance ƙafar gaba, ya zaro fad, ɗan abin nan da ke matse ƙafar mota idan an taka birki. Ya siɗe, ya koma kamar ɓawon albasa. Khalid ya fito ya so ya tura shi ƙarƙashin mota, amma idon tsohuwa ya riga shi.

"Wanga shi na riƙe da raina duk watannin ga?"

"Har ya fi haƙoranki kauri."

"Nawa sun yi shekara saba'in suna aiki. Wanga hwa?"

Jibo ya ce, "Bayan ƙaramar salla aka sa shi, Hajiya. Mai araha ne. Na gaya mishi irinsu ba su jimawa, ga ƙara, kuma da sun ɗauki zafi sai su riƙa sulɓi."

"Ashe marowaci nike aure. Jibo, ɗauko mai kyan, wanda ya hi kowanne. Ni ba a ɗauka ta bisa tarkace."

Khalid ya ji sanyi a ransa, don shi ma tun ganin katanga ya tuba. Jibo ya fito da kwali ya ce ga shi, siramik ne. Ba ya ihu, ba ya baɗe ƙafar mota da baƙar ƙura, kuma yana daɗewa.

"Sira mi?"

Da Khalid ya yi shiru da an wuce wurin. Amma bakinsa ya ƙi.

"Siramik, ƙauyanci. Tangaran ke nan da Hausa."

Tsohuwa ta ajiye ƙullinta a hankali.

"Tangaran. Irin na cikin kabet ɗina?"

"Danginsu ɗaya, amma..."

"Wanda kaf fasa mini ukku kana rarrahe? Shi za ka ɗaura ma mota, ka bi da ni hanyar Maradun, ramin ga duka? Jibo, mai da mai arahan. Gara mai ihu da mai hwashewa."

"Yanzu kika gama zagin sa."

"Na janye. In ko ba haka ba, kira mini mai kabu-kabu."

 Khalid ya san halinta, za ta hau mashin ɗin har Faru, kuma duk dangi sai sun ji cewa ya bar kakarsa a bayan mashin ranar sunan takwararta.

"Haba amarya. Da ƙarfe aka gama shi aka gasa. Ba na cin tuwo ba ne."

"Kai da ba ka san na banza ba sai da bango ya gaya maka?"

Khalid ya karɓi sabon fad ɗin a hannun Jibo ya danƙa mata. Ta auna nauyinsa, ta ƙwanƙwasa da zobenta ta kai kunne, kamar mai sayen tukunya a kasuwar Talata. Ba ta ji ƙarar da take jira ba. Ta kankare shi da farce, ta shinshina, ta ɗan gwada shi da haƙori.

"Kar ki ƙarasa na ƙarshen, da shi za ki ci naman suna."

Dariya ta ƙwace mata har fad ɗin ya faɗi kan siminti. Duk su ukun suka bi shi da ido. Ko ɓantarewa bai yi ba.

"To. Ɗaura mishi, Jibo." Ta kwance bakin mayafinta ta ɓalle goro, ta duba ɓarin biyu, ta miƙa wa Khalid ƙaramin. "Amshi, miji. In munka isa, ni za ni ba da labarin bisa faranti niz zo. Kai ko ka ji da bangon mutane."