Rasuwar Ɗan Zafi a Hannun Masu Aro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da har yanzu bai sauka ba, ni mai kula da gyare-gyare a ƙungiyarmu ta ɗalibai masu haɗa mutum-mutumi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar ƙarfen liƙinmu, wanda muka fi sani da Ɗan Zafi. Ya rasu a zauren gasa, a kan teburin da ba nasa ba.

Marigayin ya taso a shagon Kawuna mai gyaran rediyo, kuma da shi Kawu yake ciyar da gidansa. Ranar da zai ba ni aronsa, sai da ya riƙe hannuna ya ja mini kunne cewa kada in kuskura in miƙa wa kowa. Na ce masa ko a mafarki.

Ɗan Zafi mai haƙuri ne, ba ya gaggawar ɗaukar zafi, amma in ya ɗauka babu dalmar da ke yi masa gardama. Ya haɗa wayoyin da suka daɗe ba sa ga maciji. Ba shi da yawan magana, iyakarsa "tsss" in an goga bakinsa a jiƙaƙƙen soso. Ya ƙona yatsuna sau da dama, kuma na yafe masa.

Ajalinsa ya zo ne sanye da jar riga. Ana dab da zagayen ƙarshe, masu jar riga na teburin da ke kusa da namu suka taso fuska a marairaice, wai nasu ya ƙi aiki, kuma yanzun nan za su dawo da shi. Na hana. Malaminmu ya yi mini wa'azi a gaban jama'a kan taimakon juna, har na ji kamar ni ce muguwar zauren. Na miƙa.

Da shi suka liƙe wayar mutum-mutuminsu. Da suka gama, sai suka mayar da shi abin huda roba, kamar ƙusa. Suka bar shi a bakin tebur yana hayaƙi, wani ya yi tuntuɓe da wayarsa, marigayin ya faɗo da ka. An dawo mini da shi a sanyaye, an naɗe masa wuya da salatif, mai kawowar yana rantsuwa cewa dama haka suka karɓe shi.

A daidai lokacin wayar hannun Kunkuru, mutum-mutuminmu, ta cire. Na jona marigayin a wuta, na jijjiga shi, na kara shi kusa da kumatuna, babu ko ɗumi. Na koma wurin masu jar riga neman aro, suka ce ai kowa ya kamata ya zo da kayan aikinsa. Kunkuru ya shiga fili hannu na lilo. Su suka ɗauki kofi, mu kuma alƙalai suka ba mu takardar yabo ta ƙungiyar da ta fi kowa taimakon abokan karawa.

Ya rasu ya bar naɗin dalma rabi, da soso wanda ya bushe tun ranar, da Kunkuru mai shanyayyen hannu, da rediyoyin mutane jibge a shagon Kawu, wanda yake ta aiko mini da tambayar yaushe zan dawo masa da abinsa.

Za a yi jana'iza gobe bayan an tashi daga darasi, a kwalin matattun kayan wuta da ke bayan ƙofar ɗakin gwajinmu. Da takardar yabon za a yi masa likkafani. Malaminmu ne zai raka ni shagon Kawu ya maimaita wa'azinsa a can. Masu jar riga kuwa sun riga sun aiko da ta'aziyya, tare da tambayar ko wayar marigayin tana da sauran amfani, su ara.