Hoton da na ɗauka a allon sanarwa

Na kai wa 'yata Hajara garin masara jami'a, sai na hango sunanta a allon sanarwa cikin mutum tara kacal. Ban tsaya karanta kan takardar ba, don ni tsohon ma'aikaci ne, na san haziƙai ba su da yawa. Nan take na tura wa dangi hoton a Dandamisa.

Hajara ta ce, "Baba, waɗanda aka yi wa gargaɗi ne. In makina bai tashi ba bana, kora ce. Amma tunda ka sanar, ba zan ba ka kunya ba."

Yarinyar nan kuwa ta dage har ta gama lafiya. Ni dai har yau ko sanarwar rigakafin shanu aka liƙa, sai a ce, "Malam, zo ka ɗauki hoto."