Kofi Uku na Shamfen a Ruwais

Ba zan taɓa mantawa da wata magaribar Juma'a a unguwar Ruwais ba, ko na so in manta ma waɗanda suka halarta ba za su bari ba. Lokacin watana huɗu da zuwa Jidda, ina aiki a wani kantin magani a Bagdadiyya. Larabcina na Islamiyya ne: zan yi maka i'irabin aya tsaf, amma mai tasi na yi mini magana sai in ɓige da murmushi.

Abokin aikina Fu'ad haifaffen Jidda ne, kakansa ya zo hajji daga Haɗejiya bai koma ba. Shi ya jawo ni cikin abokansa, mutum shida da kan haɗu duk wata a ci a sha a yi hira. Wannan karon a farfajiyar gidansu aka shimfiɗa darduma bayan la'asar, domin yana shirin buɗe ɗan gidan abinci, yana so mu ɗanɗana abubuwan shan da zai sayar mu gaya masa gaskiya.

Ni kuwa gaskiya kaɗai ba ta ishe ni ba, sai da na haɗa da nuna gwaninta. Na taɓa ganin yadda Turawa ke yi da kofin giyarsu a wani taro a Legas: a juya kofi, a shinshina, a lumshe ido, a kawo dogon bayani. Na ce yau zan gwada a kan halal. Da aka kawo sobiya, wani abin shansu na sha'ir, na kurɓa na ce tana da nauyi a harshe amma ƙarshenta akwai ladabi (har yau ban san abin da nake nufi ba). Zoɓo kuwa, wanda suke kira karkade, na ce ya yi ƙoƙari, sai dai bai kai na Zariya ba. Suna ta gyaɗa kai, ni kuma ina ƙara kumbura.

Daga ƙarshe Fu'ad ya fito da wani jug na gilashi, ruwan ciki kamar zinariya, yana ta tsartuwa, ga yankan lemo da ganyen na'ana'a suna yawo a sama. Aka zuba a dogayen kofuna masu siririn wuya. Na sha ɗaya, na nemi ƙari, na sake nema. A kofi na uku ne, bayan na gama bayanin yadda yake tsikarar hanci, na tambayi sunansa.

"Shamfen, ya daktor," in ji Fu'ad, ya tashi ya shiga ɗauko kifi.

Shamfen, giyar Turawa! Na dubi sauran, babu wanda ya ko motsa. Injiniya Nuhu, ɗan Katsina mai tabon sallah a goshi, yana ƙara zuba wa kansa. Na tuna labaran da ake yi a gida cewa akwai abubuwan da ake yi a ɓoye bayan katangun Jidda. Ashe cikinsu na faɗo, kuma har da jawabi.

Ba a yi minti biyar ba kunnuwana suka ɗau zafi. Harshena ya yi nauyi, kaina ya fara juyawa, hasumiyar masallacin unguwa ta koma biyu. Aka ajiye sayadiyya, shinkafa da kifin da na kwana ina ɗoki, na kasa kai loma. Tunanin iƙamata nake, wato takardar izinin zamana, da jirgin da za a sa ni in aka kama mu, da mahaifiyata da ke gaya wa maƙwabta ɗanta na kusa da Ka'aba. Ina istigfari a zuci ina riƙe da darduma kada in zame.

Ana cikin haka aka kira magariba. Mahaifin Fu'ad, Baba Sale, ya fito yana dogara sanda. Ciwon gwiwa ya hana shi zuwa masallaci, shi ya sa ake jam'i da shi a gida. Ya ji labarin ina da hadda (ni na gaya wa Fu'ad, kuma ban rage komai ba wajen faɗa), don haka bayan alwala ya kama hannuna ya ce in shiga gaba.

Na taka, na yi tangaɗi na gaske. Sahu ya daidaita a bayana. Na ga in na yi kabbara a wannan hali zunubin ya zama biyu, sai na juyo.

"Baba, a gafarce ni, ba zan iya ba. A buge nake."

Da a nan na tsaya da abin ya zo da sauƙi. Sai na nuna sahun da yatsa na ce ba ni kaɗai ba ne, duk cikinmu babu wanda ya dace ya yi limanci sai shi Baba, tunda shi kaɗai bai sha ba.

Tsohon ya juya ya dubi ɗansa, irin kallon da ban so a sake yi wa kowa saboda ni. Fu'ad ya rikice, Hausar ta gudu, ya koma Larabci yana rantse-rantse. Ya ruga ciki ya dawo da kwalin ruwan tuffa a hannu ɗaya, kwalbar ruwan soda a ɗayan. Injiniya Nuhu ne ya yi mini bayani a hankali, kamar mai lallashin majinyaci, cewa sunan ne kawai, haka duk garin ke kiransa, ko a biki shi ake ba yara. Fu'ad ya ƙara da cewa mahaifiyarsa ce ta haɗa da hannunta.

Nan take maye ya sake ni. Hasumiya ta koma ɗaya.

Baba Sale ya tambaye ni ko da gaske ni mai haɗa magunguna ne. Na ce e. Ya jinjina kai ya ce, "To ya waladi, in na aiko sayen maganin gwiwa, ka bari Fu'ad ya ɗauko. Yalla, shiga gaba, lokaci na tafiya."

Haka na ja sallar nan da surori mafi gajarta da na sani, ina jin wani a ƙarshen sahu yana ta fama da tari wanda ba tari ba ne.

Fu'ad ya yi mako guda sallama kaɗai ke haɗa mu. Da na same shi na ba shi haƙuri, ya ce ba kunyar da ya sha gaban mahaifinsa ce ta fi yi masa ciwo ba, a'a, yadda na yarda cikin minti ɗaya cewa zai iya shayar da ni haram a gidansu. Kuma gaskiyarsa ce. Mun shirya, amma sai da na je na gaishe da Hajiya mahaifiyarsa na sha wani kofin a gabanta, tana tambayata ko in kwanta tukuna.

Abin da na koya bai da yawa. Yanzu kafin in kai kofi baki nakan tambayi abin da ke ciki, kuma in an faɗa mini ban gane ba, nakan sake tambaya kafin in fara raba wa jama'a zunubi.