Ranar da Na Ɗora wa Ɓeraye Laifi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai ni gaishe da mahaifin Zahra ba, yarinyar da nake nema da aure. Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a a Khartoum, kuma aikin bincikena shi ne shayar da ɓeraye barasa. E, haka ka ji. Mukan gauraya ta a ruwan shansu na tsawon makonni, daga baya mu ɗebi jininsu mu auna kitse da sinadarin hormon, mu duba hanta. (Mahaifiyata dai abin da ta sani shi ne ina karatun likita. Ban taɓa gyara mata ba.)

A waɗancan shekarun kuwa, wanda aka kama da warin giya bulala ce rabonsa, a gaban jama'a.

Ran nan na taho da sabuwar jallabiyata cikin leda, na ajiye a ɗakin gwaje-gwaje. Garin sauri na ture kwalbar ruwan ɓerayen, ta tuntsire kan ledar. Na goge sama-sama, na ƙulle bakin ledar, na kama mota zuwa Umdurman. A shagon Kawu Sale, wanda zai raka ni, na sauya kaya. Na ji rigar da ɗan damshi, na ce gumi ne. Wari kuwa ban ji komai ba, don hancina ya saba. Shi kuma Kawu mura ta toshe masa nasa.

Malam Usman, mahaifin Zahra, dattijo ne mai sayar da yadi a kasuwa, kuma shi ke jan salla a unguwarsu. Na durƙusa na miƙa masa hannu biyu. Sai na ga ya ja numfashi, ya sake ja, ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Yaro, warin me nake ji?"

Nan take hancina ya buɗe. Mai hankali zai nutsu ya faro bayani daga tushe, ni kuwa abin da ya fito daga bakina shi ne: "Wallahi Baba ba ni na sha ba, ɓeraye ne!"

Kawu Sale ya zuba mini ido kamar yau ya fara ganina.

"Ɓeraye," in ji Malam. "Su suka sayo?"

"A'a, Baba, ni nake ba su."

Kawu ya ce, "Innalillahi."

Sai na ga ba abin da zai cece ni sai ilimi. Na shiga zuba: yadda barasa ke sa kitse ya taru a hanta har ta yi fari-fari, yadda kitsen jini ke hawa, yadda take rage sinadarin mazakuta har marainan ɓeran su ƙanƙance ya kasa kusantar mace. Har da gwadawa da yatsu na yi. (A gaban surukin da ban ma samu ba tukuna!) Daga bayan labule na ji mata sun fashe da dariya, kuma na gane muryar Zahra a ciki.

Malam bai yi dariya ba. Cewa ya yi, "Gobe zan zo in ga ɓerayen nan."

Ya kuwa zo, da rawaninsa da sandarsa. Malamarmu ta nuna masa takardar izinin binciken, ta ɗora masa hanta biyu a faranti, ta lafiya da ta mashayi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya leƙa kejin, inda wani ƙaton ɓera ke tangaɗi.

"Subhanallahi. Shekara da shekaru ina faɗar illar giya da baki, ashe ga mai nunawa a faranti." Ya juyo gare ni. "Ma'alesh, ba komai, ɗana. Ku turo manyanku. Amma maganar marainan nan, kada ka ƙara yi mini ita."

Na yi masa godiya, na ce ba zan ƙara ba.

Yau 'ya'yanmu huɗu da Zahra, kuma har gobe ƙannenta Malamin Ɓeraye suke kirana. Abin da na koya kuwa shi ne, in za ka gidan surukai, ba wa mai lafiyayyen hanci rigarka ya shinshina, kuma in an yi maka tambaya ɗaya, amsa ɗaya ta isa.